Maƙwabcinmu ya kawo mana kwalbar giya, ya zan yi da ita?

Maman Hanifa:
Assalamu alaikum. Wata huɗu ke nan da tarewarmu a Kuils River, bayan garin Cape Town na Afirka ta Kudu, ta ɓangaren Stellenbosch, inda maigidan yake karatu. Unguwa ce shiru, kowa da 'yar katangarsa da karensa. Ka hau titin Bottelary, kafin minti goma ka faɗa gonakin inabi, iya ganinka. Yanzu Fabrairu, nan zafi ake yi, inabi ya yi araha har ina jin kunyar faɗa. Abin da a Kano sai za ni dubiya asibiti nake sayen ɗan ƙulli, nan kwali guda nake ɗaukowa a bakin titi. Akwai wani da suke kira hanepoot, ga zaƙi ga ƙamshi, Hanifa ta sha har cikinta ya ɓaci.

To jiya dattijon da muke katanga ɗaya da shi, Bature ne, ya shigo da matarsa yi mana barka da zuwa. Suka kawo ɓaure na bishiyar gidansu da kwalbar jar giya. Kunya ta kama ni, na karɓa har da godiya. Maigida ya ce a tuttular kawai. Ni kuma tsorona kada gobe tsohon ya tambayi ya muka ji ta, ko ya ƙaro wata.

Baban Khalil, Bellville:
Wa alaikumus salam Hajiya. Ku ci ɓaure, ku mayar da kwalba. In kun zubar a ɓoye, wallahi Kirsimeti ma wata za ta zo. Kada ki ji nauyi, mutanen nan sun san Musulmi sarai. Tun 1694 aka kawo Shehu Yusuf, wani malamin Musulunci daga Indonesiya, ga kabarinsa nan a Macassar kusa da ku, masallacin Auwal na unguwar Bo-Kaap a Cape Town kuwa tun 1794 yake. Da kin ce ba ma sha, ya gane. Su kwalba a wajensu kamar goro ce a wajenmu, ba a shiga gidan mutum hannu rabbana, kuma ta talakawa ba ta kai kuɗin kilon nama ba. Maigidan ya kai da kansa, ki haɗa masa da dambun nama ko cincin. Ran da suka gayyace ku braai, wato gashin namansu na ƙarshen mako, ku riƙe Grapetiser, lemon inabi mara giya, da namanku daga gida.

Ladi, Paarl:
'Yar'uwa, ni 'yar Jos ce, Kirista, nakan ɗan kurɓa ran biki, da sai in ce a aiko min, amma na san Baban Khalil zai ce ko kyautarta bai halatta ba. Duba jikin kwalbar, ina zaton Pinotage ce, abin alfaharinsu, a Stellenbosch aka haɗa irin inabinta a 1925.

Sai dai arahar nan tana ci min rai. Shekara da shekaru masu gonaki suna biyan leburori wani ɓangare na ladansu da giya, suna kiran abin dop. Doka ta hana tun 1960, amma bai mutu ba sai wajen shekarun 1990, kuma tabonsa na nan. Aikin jinya nake yi, ina ganin yaran da uwa ta sha da cikinsu: ƙaramin kai, ba girma, karatu ba ya shiga. Tun da na fara ganinsu, in na wuce gonakin nan masu kyau sai jikina ya yi sanyi.

Ɗan Fagge:
Ku dai kuna shan daɗi. Mu nan inabi sai kallo. Mangwaro fa, akwai?

Maman Hanifa:
Akwai, daga Limpopo ake kawowa, amma ni dai bai kamo ƙafar na gida ba. An ce tuffar Elgin da Ceres na shigowa nan gaba kaɗan, ita nake jira.

Na gode muku. Da yamma maigida ya kai, da robar cincin. Tsohon ya dafe kai yana ta ba da haƙuri, matar kuma tana masa faɗa wai ai ta gaya masa tun da ta ga hijabina. Ɗazu ta leƙo ta katanga tana tambayar yadda ake cincin, ta miƙo min kwalbar jam na ɓaure.