Talla Ce Ta Sayar da Kyarkecin, ko Labarin?

Maman Afnan: Salamu alaikum. Ga sharhin littattafan nan biyu da na yi alkawari, duka na Turanci ne. Na farko labarin soyayya ne na mutanen nan masu rikiɗa su koma kyarkeci. Marainiya ce ake bautar da ita a gidan shugaban garke. Ranar da ta cika sha takwas ta shaƙi ƙamshin mijin da aka ƙaddara mata, ashe ɗan gidan ne. Ya tsaya gaban jama'a ya ce ba ya yi. Ta faɗa daji, wani shugaban da ya fi shi ƙarfi ya tsince ta, can gaba aka gano jinin sarauta ce. Iyakar labarin ke nan. Rubutun ba wani abin a zo a gani ba ne, babi bayan babi sai gurnani da kishi. Amma makaranta sun yi masa caa.

Na biyun jagora ne kan yadda marubuci zai tallata littafinsa: a yi bango mai jan ido, a tara adireshin imel na makaranta, a ba wasu kwafi kafin fitowa don su rubuta sharhi a shafukan intanet na Amazon da Goodreads, a saki littafi na ɗaya kyauta, a yi gajerun bidiyo a TikTok. Da na haɗa su biyun sai na ga abin da ya daɗe yana cina: talla ce ke sayar da littafi, ba daɗin labari ba. A kan haka na tsaya.

Alhaji Mai Littattafai: Wa'alaikumus salam. 'Yata, ban yarda ba. Ina cikin Sabon Gari ina sayar da littafi tun ba a san wayar hannu ba. Lokacin da In Da So Da Ƙauna na Ado Gidan Dabino ya fito a 1991, wace talla aka yi masa a TikTok? Mace ta karanta ta ba maƙwabciyarta, 'yar makarantar kwana ta ɓoye a akwati ta kai wa ƙawayenta, masu bayar da haya su saya su ajiye. Kuma mu 'yan kasuwa muna da ma'auninmu. Littafi na ɗaya kowa ma yana iya sayar da shi, ko don hoton bango. Na biyu shi ne alƙali. In labarin ya yi daɗi, tun kafin ya fito daga maɗaba'a yara sun fara sintiri, "Hajiya ta ce a tambaya ko na biyu ya zo." In bai yi ba, sai ya kwana a kanta ya sha ƙura har marubucin ya zo ya kwashe kayansa.

Maman Afnan: Baba, wancan zamanin marubuta nawa ne? Yanzu duk mai waya marubuciya ce. In ba ki ɗaga murya ba, ko zuma kika rubuta ba mai sanin kina duniya.

Ɗan Fagge: Anti, ni ina tsakiya, amma na ɗan fi karkata wajen Baba. Ki lura da yadda manhajojin karanta labarai irin su Dreame da GoodNovel ke aiki. Babukan farko kyauta, daga nan sai ki sayi maki ki riƙa buɗe babi ɗaiɗai. Tallar da suke sakawa a Facebook fa mene ne a cikinta? Yanki ne na labarin, galibi wurin da ya wulaƙanta ta a bainar jama'a, sai a yanke. Ke nan labarin ne ke tallata kansa. Kuɗin kamfani iyakarsa ya kai shi gaban idonki. Kuma harkar ba ƙarama ba ce, dandalin karanta labarai na Wattpad kaɗai kamfanin Naver na Koriya ta Kudu ya saye shi a 2021 kan kusan dala miliyan 600. Ba su zuba wannan kuɗin don bango ba, don mutanen da ke kasa barci sai sun ga babi na gaba suka zuba.

Maman Afnan: To ai ka dawo maganata. Ba don kuɗin kamfanin ba, wa zai ga yankin?

Ɗan Fagge: Gani daban, ciro kuɗi daban.

Anti Malama: Ku tsaya in sa baki, don ni sharhin littafin farkon ne ban gamsu da shi ba. Maman Afnan, kin ce labarin ba daɗi. Ina ganin jimlolin ne ba daɗi, amma ginin labarin mai ƙarfi ne. Cire kyarkecin ki duba abin da ya rage. Marainiya a hannun waɗanda ba sa ƙaunarta, wulaƙanci a gaban dangi, miji na biyu da ya fi na farko, sannan ranar da wanda ya ƙi ta zai dawo yana rarrafe. Wannan ai labarin 'yar bora ne, wanda kakanninmu suka yi mana a tsakar gida. Ko ke littafinki na bara ba a kan wannan turbar kika ɗora shi ba? Mai karatu za ta yafe miki jimla mai rauni, amma ba za ta iya kwanciya ba ta ga ramuwar ba.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yadda suka juya dodon. Mu ma muna da mai rikiɗa a tatsuniya. Kun tuna yarinyar da ta ce ba ta auren mai tabo, har dodo ya rikiɗa ya zo mata a kyakkyawan saurayi, sai da suka yi nisa da gari ya koma kamanninsa? A wurinmu gargaɗi ne, ƙarshenta gudu take da ƙyar ta tsira. Su ma Turawan da can abin tsoro ne a wurinsu. A 1589 an kashe wani manomi mai suna Peter Stumpp a garin Bedburg na Jamus bisa zargin yana rikiɗa kyarkeci yana cin mutane. Yau jikokinsu sun ɗauko wannan abin tsoron sun mai da shi angon da ake rububi. Mai fizge ki, mai hana ki fita, mai kishi kamar zai kashe, sai a ce so ne. Sannan wai ba ki da zaɓi, an riga an ƙaddara miki shi. Marubutanmu mata sun shafe shekaru suna yaƙi da auren dole a littattafansu, Balaraba Ramat Yakubu na cikin na gaba, sai ga shi ya dawo mana ta taga da jela.

Ɗan Fagge: Ƙarin bayani, Anti Malama. Shi kansa zancen shugaban garke mai danne kowa da ƙarfi, daga binciken kyarkecin da aka tsare a gidan namun daji ya samo asali. Masanin kyarkeci David Mech, wanda littafinsa na 1970 ya yaɗa zancen, ya dawo a 1999 ya nuna cewa a daji garken iyali ne kawai, uwa da uba da 'ya'yansu.

Alhaji Mai Littattafai: Wato magidanci ne mai neman abin da yara za su ci. Allah sarki. Mu dai kyarkecin da muka sani shi ne wanda aka yi wa ƙazafi a ƙissar Annabi Yusuf, alaihis salam.

Ummu Sudais: Ni duk ba wannan ne ya dame ni ba. Maman Afnan, ki gaya wa jama'a gaskiya, wa ke ƙaddara auren a irin littattafan nan? Ba allahiyar wata suke cewa ba? Ga batsa tun daga babi na uku. Ina jin tsoron gobe wata ta kwaso wannan ta juye shi da Hausa don an ce yana kawo kuɗi. Kano ce fa. An ƙona littattafan Hausa a garin nan a 2007, ga Hukumar Tace Fina-finai da Ɗab'i tana nan. Mu da aka daɗe ana cewa muna ɓata tarbiyya, kar mu miƙa wa masu zagi sanda.

Maman Afnan: Ummu Sudais, haka suke cewa, kuma ban ce a kwafo ba. Amma kar mu yi kamar ba mu san labarin soyayya da aljani ba. Nawa muka karanta inda aljani ke auren bil'adama, ya kai ta fadarsu a ƙarƙashin ruwa? Ba wanda ya ce an bar addini.

Ummu Sudais: Aljani Alƙur'ani ya tabbatar da shi. Kar ki haɗa.

Ɗan Fagge: To a yi namu da kura mana. A Barno da Habasha ma akwai zancen mutane masu rikiɗa kura.

Anti Malama: Haba Ɗan Fagge. Wace budurwa ce za ta yi kwana uku tana kuka don Kure ya ce ba ya son ta? Wanda Gizo ke yi wa wayo kullum, ga tsoro ga kwaɗayi. Sai dai labarin ban dariya.

Uwar Zaure: Jama'a a dawo kan magana. Talla ko labari? Ba a ce komai kan jagoran ba.

Alhaji Mai Littattafai: Jagoran ai ba don mu aka rubuta shi ba, Hajiya.

Ɗan Fagge: Rabinsa dai. Lissafinsa duka a kan Amazon yake, inda marubuci ke samun kashi 70 cikin 100 in ya sa farashi tsakanin dala 2.99 da 9.99, in ya fita daga nan ya koma kashi 35. Mai karanta mana littafi a Kurna ko Ɗorayi ba da dala take saye ba, kuma ba ta buɗe imel. Tura kuɗi take ta banki ko katin waya, a jefa ta a rukunin WhatsApp na waɗanda suka biya. Amma sauran rabin, ai mun riga su. Shafukan kyauta kafin a fara biya, yanke labari a daidai inda numfashi ya tsaya, raba shi na ɗaya na biyu na uku, duk Kano ta san wannan tun kafin a haife ni.

Maman Afnan: Ka ga inda muka rabu. Na san marubuciya a Gwale, wallahi alƙalaminta ya fi nawa nesa ba kusa ba. Ta sa littafinta naira ɗari biyar, masu saye ba su cika ɗaki ba. Wata kuma da ba ta iya raba "ta fi" da "tafi" ba, amma tana da mabiya, kafin ta rubuta shafi ɗaya an fara turo kuɗi. Ku ba ni amsar wannan. Ko gasar Hikayata ta BBC Hausa da aka fara a 2016, me ya sa sunan waɗanda suka ci ke zagaya ƙasa? Don an karanta su a rediyo duniya ta ji.

Anti Malama: Kafin a karanta a rediyo ai sai da alƙalai suka zaɓa. Ita kuma mai mabiyan, a ina ta samo su? Ba daga sama suka faɗo ba. Akwai wani littafi nata na baya da ya hana su barci, ko da kuwa ƙa'idar rubutunta a karye take. Kullum kina haɗa iya rubutu da iya labari, ƙanwata, alhali ba tare suke tafiya ba. Ƙawarki ta Gwale kam na yarda, rashin talla ya cuce ta. Wannan ya nuna talla wajibi ce, bai nuna ita kaɗai ta isa ba.

Maman Afnan: Ban sauka daga maganata ba, Anti. Mai labari ba talla tana gida da yunwa, mai talla ba labari aƙalla ta ci kuɗin na ɗaya.

Alhaji Mai Littattafai: Ta ci na ɗaya, ta rasa suna. Na ga irinsu da yawa.

Ummu Sudais: Ni shawara ɗaya ce a jagoran ta ba ni tsoro, wai a raba kwafi kafin littafi ya fito. A nan? Ki ba mutum biyar da safe, kafin la'asar yana yawo a rukuni hamsin an cire sunanki.

Maman Afnan: Wannan kam ya taɓa ni. Littafina da nake sayarwa, sai ji na yi wata tasha tana karanta shi da murya babi babi, ba sallama ba izini, har da sauya masa suna. Jagoran bai ce uffan a kan irin wannan ba. Duk da haka zan gwada raba kwafin a sabon littafina, don sharhin mutum goma da aka yarda da su ya fi in yi ta yabon kaina.

Ɗan Fagge: To in za ki raba, kowace ki ba ta kwafi dabam. A na wannan ki sauya sunan unguwa a shafi na bakwai, a na waccan ki sauya launin mayafin jarumar, ki rubuta wa kika ba wanne. Ranar da ya fita yawo, buɗe shafin kawai za ki yi.

Maman Afnan: Madalla. Ummu Sudais, ke ce ta farko a jerin, kuma mayafinki ruwan toka ne.