Starlink a Najeriya: aikinsa ya kai kuɗinsa, ko rashin abokin gasa ne ke sa a biya?

Akanta_Gusau

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar nan ciki da waje. Ofis ne mai kwamfuta 12 a hedikwatar wata ƙaramar hukuma, wayar faiba ba ta isa garin ba, 4G kuma yana zuwa yana ɗaukewa. An kawo maganar Starlink, intanet ɗin da ke zuwa ta tauraron ɗan'adam, a kama shi da faranti a kan rufi. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne yadda farashin ke tafiya. Da ya shigo Najeriya a Janairun 2023 kuɗin wata bai cika ₦20,000 ba, daga baya ya koma ₦38,000. A Oktoban 2024 kamfanin ya sanar da ₦75,000 lokaci guda, kayan kuma daga ₦440,000 zuwa ₦590,000. Sai da hukumar kula da sadarwa ta Najeriya, NCC, ta ɗaga murya ya janye ƙarin, a 2025 aka tsaya a ₦57,000. To kamfanin da ke ninka kuɗi a dare ɗaya, kuma ragamarsa na hannun mutum ɗaya, watau Elon Musk, ya dace ofis ya rataya duk aikinsa a kansa? Tsadar nan tana da dalili, ko dai ganin ba mu da mafita ne?

Hajiya_Mai_Lissafi

Wa alaikumus salam, Malam Akanta. Tunda lissafi ne sana'arka, mayar da alƙaluman dala ka ga yadda hoton zai canza. A farkon 2023 dala tana wajen ₦460 a farashin gwamnati, kuɗin watan kuwa dala 43 ne. Aka saki naira a Yunin 2023, kafin ƙarshen 2024 dala ta haura ₦1,600. A wannan canjin ₦38,000 ta zama dala 24 ko ƙasa da haka. Ita ₦75,000 ɗin da ta tayar da ƙura dala 47 ce, kusan farashin farko ke nan. ₦57,000 kuma ba ta kai dala 40 ba, alhali a 2025 ɗan Amurka yana biyan dala 120 a wata kan cikakken tsarin gida. Harba tauraro, ƙera faranti, albashin injiniyoyi, duk da dala ake biya. Taurarin kuma ba na dindindin ba ne, kamar shekara biyar kowanne ke yi kafin a sauko da shi ya ƙone a sama, a harba wani. Don haka tsadar tana da tushe.

Inda na ga laifinsu shi ne salon. Dokar Sadarwa ta 2003 ta ce mai lasisi ba zai sauya farashi ba sai da amincewar NCC, sashe na 108 ne. MTN da Airtel da Glo sun yi shekaru suna kukan tsadar dizal suna jiran izini, har sai Janairun 2025 da hukumar ta yarda da ƙarin da bai wuce kashi 50 cikin ɗari ba. Starlink ya aika wa kwastomomi saƙo kawai ya ce ga sabon farashi. Duba kuma: ₦38,000 da rabinta, ₦57,000 ke nan cif. Ma'ana hukumar ce ta tsayar da adadin da ake biya, ba tausayin kamfanin ba. Sannan kada a manta mafi ƙarancin albashi ₦70,000 ne tun Yulin 2024. Abin da ke da araha a dala yana iya cinye albashin mutum gaba ɗaya a naira, duka biyun gaskiya ne.

Ga kasafin ofis, kada ka rubuta ₦57,000 ka tsaya. Raba kuɗin kayan a wata 36, za ka samu kamar ₦16,400. Ƙara kuɗin wuta. Ka kuma tabbatar da tsarin da ya halatta muku, domin na gida an yi shi don gida ne, na kasuwanci kuma ya fi tsada sosai. A ƙarshe ka ajiye sararin kashi 30 zuwa 50 saboda ranar da naira za ta sake faɗuwa.

Injiniya_Sola_Zariya

Hajiya ta gama da ɓangaren kuɗi. Ni wutar zan yi magana a kai, don nan ne mutane ke shan mamaki bayan sun saya.

Babban farantin zamanin nan, wanda ba shi da motar juyawa, yana jan wat 75 zuwa 100. Na baya mai juya kansa 50 zuwa 75. Ƙaramin da ake kira Mini 25 zuwa 40. Idan babban zai kwana ya wuni a kunne, kilowat 1.8 zuwa 2.4 ke nan a rana, wajen 60 zuwa 70 a wata. Mai layin Band A da ake sayar wa kilowat sama da ₦200 zai ga ƙarin ₦13,000 zuwa ₦15,000 a takardar wuta. A garin da Malam Akanta ya kwatanta kuwa, na tabbata sola ce za ta ɗauki nauyin.

Daga faɗuwar rana zuwa lokacin da fanel zai soma caji da kyau, ka lissafa awa 14. Wat 90 sau 14, kilowat 1.26, ka ƙara asarar inbata ya zama kusan 1.5. Batir tubula ɗaya mai bolt 12 da amfiya 220 yana ɗauke da 2.6 a takarda, amma rabi kawai ya kamata a sha idan ana so ya yi ƙarko, 1.3 ke nan. Bai isa ba. Shi ya sa za ka ji ana cewa wai intanet ɗin yana mutuwa da asuba, a zagi kamfani, alhali batir ne ya faɗi. Ko dai tubula biyu a haɗa su bolt 24, ko na litiyam mai kilowat 2.5, da fanel biyu masu wat 400. Wannan na farantin ne kaɗai, ban da kwamfutocin.

Akwai hanyar rage ci. A cikin manhajar Starlink ta waya akwai wurin saita lokacin barci, ofishin da ke tashi ƙarfe 5 ba shi da dalilin ciyar da faranti wuta har gari ya waye. Akwai kuma saitin ɗumama faranti don narkar da ƙanƙara, a kashe shi, ba ruwanmu da shi a nan. Mini kuma yana karɓar wutar batir kai tsaye daga bolt 12 zuwa 48, ba sai an bi ta inbata ba, sai dai idan wayar ta yi tsawo a bolt 12 ƙarfin yana zubewa a hanya ya riƙa kashe kansa yana kunnawa. Maganinsa ƙaramar na'urar ɗaga bolt zuwa 24 ko sama. Amma ga kwamfuta 12 ni babban zan zaɓa.

Game da ko ya kai kuɗinsa: a inda babu faiba, e, ya kai. Tsohon intanet na tauraro yana nisan kilomita 35,786, saƙo kan ɗauki fiye da rabin daƙiƙa kafin ya je ya dawo, kiran bidiyo ya zama azaba. Waɗannan taurarin suna wajen kilomita 550 ne, jinkirin bai kai kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa ba. Ba ƙaramin bambanci ba ne. A cikin Kano ko Kaduna, a unguwar da faiba ta shiga, ba zan ba kowa shawarar ya saya ba.

Dattijo_Maradi

Injiniya, Allah ya ƙara basira. Amma ku duka biyu kun bi ta gefen tambayar da ta fi nauyi, ta shugabanci.

A yi adalci tukuna. Kamfanin SpaceX da ya mallaki Starlink ba Musk ne ke gudanar da shi yau da gobe shi kaɗai ba. Gwynne Shotwell ce shugabar gudanarwa tun 2008, tana cikin ma'aikatan farko tun 2002, kuma ita ake jinjina wa kan yadda aiki ke tafiya ba tangarɗa. Rokar Falcon 9 da ke sauka a sake amfani da ita, wadda ta sa harba dubban taurari ya yiwu a kuɗin da za a iya jurewa, nasara ce ta gaske, babu mai ƙwace musu ita.

Sai dai rinjayen ƙuri'a yana hannun Musk, kuma rigimarsa takan fantsamo kan kwastoma. A Agustan 2024 alƙalin kotun ƙolin Brazil, Alexandre de Moraes, ya rufe asusun bankin Starlink a ƙasar saboda tarar da ake bin dandalin X. Kamfani daban, laifi daban, amma mai su ɗaya. A Yukiren kuma Musk da bakinsa ya ce ya ƙi amincewa a kunna sabis ɗin a yankin Kirimiya a 2022 lokacin da aka nema. Ko mutum ya yarda da hukuncin ko bai yarda ba, abin lura shi ne mutum ɗaya ya yanke shi. A Afirka ta Kudu, ƙasar da aka haife shi, jayayya kan dokar bai wa 'yan ƙasa kaso 30 ta hana lasisi fita shekara da shekaru. A Kamaru hukumomi sun hana shigo da kayan a 2024. Mu a Nijar sai ƙarshen 2024 aka ba da izini, aka fara aiki a hukumance a Maris na 2025. Kowace ƙasa da irin tata, kuma a ko'ina mai biyan kuɗin wata ba ya cikin ɗakin da ake yanke shawara.

Kan farashi kuma, Hajiya, ina da ja kaɗan. Da dala ce kaɗai ke tsara shi, da ba a ga abin da aka gani a Kenya ba. A can, inda Safaricom ke da faiba mai ƙarfi, a 2024 Starlink ya fito da tsarin gigabait 50 kan shilin 1,300, ya kuma soma ba da hayar faranti kan shilin 1,950 a wata. Taurarin ɗaya ne, dalar ɗaya ce. Inda akwai gasa sai sauƙi ya ɓullo. Amazon ya fara harba nasa taurarin a Afrilun 2025, amma kafin ya zama abokin gasa a ƙauyukanmu akwai sauran tafiya.

Hajiya_Mai_Lissafi

Ranka ya daɗe, na karɓi maganar Kenya, amma da ƙari ɗaya. A Najeriya matsalarsu ba ƙarancin masu saye ba ce, yawansu ne. Kafin ƙarshen 2024 alƙaluman NCC sun nuna masu rajista sun haura 65,000, kamfanin ya zama na biyu bayan Spectranet a cikin masu sayar da intanet kaɗai. A Nuwamban shekarar ya daina karɓar sababbin masu tsarin gida a Legas da Abuja da Fatakwal, saboda kowane yanki yana da iyakar abin da taurarin samansa za su ɗauka. Wanda kayansa suka ƙare a rumfa ba ya rage farashi. Wannan kuma labari ne mai daɗi ga Malam Akanta, don a ƙaramin gari masu raba ƙarfin da shi kaɗan ne, gudun da zai samu zai fi na mai zaune a Wuse cikin Abuja.

Mai_Haɗa_Layi

Malam, ga amsar tambayarka ta farko a taƙaice: ka saya, amma kada ya zama shi kaɗai.

Nemi rauta mai karɓar layi biyu, irin TP-Link ER605 ko wata MikroTik. Starlink a ƙofar farko, rautar 4G mai ɗan data a ta biyu, a saita ta yadda idan na farko ya ɗauke na biyu zai karɓa da kansa. Rautar da ke zuwa da sabon faranti tana da ƙofar waya biyu a bayanta, ta tsohon kuwa sai an sayi adafta daban. A sa rautar Starlink ɗin a yanayin wucewa kawai, watau ta miƙa intanet ɗin ba tare da raba shi ba, taka rautar ta yi rabon. A nan ne za ka ƙayyade wa kowace kwamfuta kaso, musamman na aikawa, domin saukewa na iya kai megabit 100 zuwa 200 amma aikawa 10 zuwa 20 ne galibi. Waya ɗaya da ke tura hotunan biki zuwa ma'ajiyar Google ta isa ta lalata taron bidiyon ofis gaba ɗaya.

Abubuwan da ke kawo matsala sanannu ne. Na farko inuwa: kafin a huda bango, a hau rufin da manhajar a duba sama da kyamarar waya. Reshen darbejiya ɗaya ko tankin ruwa zai riƙa yanke sabis na daƙiƙoƙi duk sanda tauraro ya bi ta bayansa. A shafin intanet ba za a ji ba, a kira kuwa nan take. Sai zafi. An ƙera farantin ya jure har digiri 50, kuma kwano a watan Afrilu yana wuce haka, don haka a ɗaga shi a kan bututun ƙarfe kamar mita ɗaya sama da kwanon, iska ta riƙa ratsawa. Ruwan sama mai ƙarfi yana rage siginar, wani lokaci ya ɗauke na mintuna, ya dawo da kansa. Hazon hunturu bai cika damunsa ba, a dai goge da tsumma mai laushi. Tsawa ce babbar abokiyar gaba: a kafa ƙarfen ƙasa, a haɗa bututun da shi, a sa na'urar kare hauhawar wuta kafin soket. Wayar da ke cikin kwali mita 15 ce, a zura ta cikin bututun roba saboda ɓera da rana, kada a yanka ta a ɗaure da salatif.

Idan na hannu za a saya, sai mai shi ya saki kayan daga asusunsa, kuma babu bashi a kai, in ba haka ba ka sayi faranti mara amfani. Wanda aka yi wa rajista a wata ƙasa aka tsallako da shi, ana iya katse shi bayan wata biyu. Sayar wa maƙwabta tikitin waifai kuma ya saɓa wa yarjejeniyarsu, suna iya rufe asusun.

Akanta_Gusau

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Saura abu ɗaya: muna da kyamarorin tsaro takwas da shugaban ofis ke son dubawa daga Abuja. Kuma idan na'urar ta lalace, wa ake kira?

Mai_Haɗa_Layi

A tsarin gida ba a ba ka adireshin intanet naka na kanka, kuna raba ɗaya ne da mutane da yawa, don haka saitin buɗe ƙofa a rauta don a shigo wa kyamarorin daga nesa ba zai yi aiki ba. Yawancin na'urorin naɗar bidiyo, irin na Hikvision da Dahua, suna da manhajar da ke bi ta sabar kamfaninsu, wannan tana aiki lafiya. In ba a son hakan, a haɗa ta Tailscale ko WireGuard, manhajojin da ke buɗe keɓaɓɓiyar hanya tsakanin na'urori ta intanet, ko a koma tsarin kasuwanci da ke ba da adireshin. A saita kallon nesa a kan ƙaramin hoto, kowace kyamara kamar rabin megabit, don takwas a cikakken hoto za su cinye ƙarfin aikawar duka.

Gyara kuwa ta manhaja ake shigar da ƙorafi a jira amsa, idan aka tabbatar laifin na'ura ne a cikin garanti su aiko da wata, kuma isowarta Zamfara na iya ɗaukar makonni. Ku sayi wayar faranti ta biyu ku ajiye a durowa, ita ce ta fi saurin lalacewa. Asusun kuma a buɗe shi da imel ɗin ofis da katin ofis, ba na ma'aikacin da gobe za a iya yi wa canjin wurin aiki ba.