Kwamin wanka na bulo a bene: in fasa ko in ci gaba?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah ku agaza min, kwana biyu ban yi barcin kirki ba. Shekara shida muna ginin nan a Kano, Abban yara yana aiki a Fatakwal, komai a hannuna ya bari. Har sarƙata na sayar lokacin zuba dekin. A gidanmu mu goma sha ɗaya ne da bayi ɗaya, tun a nan na ƙudurta in Allah ya ba ni gida sai na yi kwamin da zan miƙe ƙafa a ciki. Na roba ba na so, na ƙanwata bai shekara ba ya tsage. Shi ne na sa birkila ya ja min da bulo a banɗakin sama, ya yi filasta, na sayo ƙananan tayil shuɗaye a Ƙofar Ruwa. Shekaranjiya mai tayil ya leƙa ya ce shi ba zai taɓa ba. Ya zan yi?

Wani mai aikin gini: Wa alaikumus salam Hajiya. Me ya ce ne dalili? Nawa ne awon cikinsa? An shafa maganin hana yoyo kafin filastar?

Mai tambaya: Tsawo santimita 160, faɗi 70. Maganin kam birkila ya ce simintinsa ya isa, kuma shi ya yi mana gidan tun daga tushe, bai taɓa cutarmu ba.

Mai aikin gini: To ki saurare ni. Tayil ba ya tsare ruwa, ta layin da ke tsakaninsu yake bi, bulo kuma ya sha. Abin da ke tsarewa shi ne shafen da ke ƙarƙashi, hawa biyu aƙalla, da raga a kowane lungu da bakin magudana. In ya bushe a toshe, a cika ruwa, a bar shi kwana biyu, ki sauka ƙasa ki ɗaga kai ki duba silin. Ga nauyi: ruwa mai zurfin santimita 30 a wannan awon lita 336 ne, kilo 336 ke nan, ban da bulo da ke kanki. Jarka goma sha uku ta ɗan garuwa har da ɗori. Hita mai lita 50 ba za ta ɗumama shi ba, a hunturu kuwa bulo da tayil za su shanye zafin kafin ki zauna. Ki fasa, ki sa shawa.

Uwargida daga Zariya: Wallahi kin tuna min. Gidan hayar da muka bari, banɗakin sama ya yi ta tsatsafowa saman gadona, fenti na kumbura yana zubowa kamar ɓawon gyaɗa. Mai gidan ya ce mu muka lalata, ya riƙe mana kuɗi. Allah ya isa.

Wata 'yar uwa: Anti kar ki fasa. Na Mamana a Kaduna da bulo aka yi, a ciki na yi wankan jego sau uku, har yau lafiya lau. Ki dai sa tayil marar santsi a ƙasan, kuma kar ki bar ruwa a ciki in akwai mai rarrafe.

Mai aikin gini: Na Mamanki a ƙasa yake ko a bene, ƙanwata?

Wata 'yar uwa: A ƙasa ne, amma ai ruwa ruwa ne.

Wata malama: Ni ƙananan tayil ɗin ne damuwata. Layi ya yi yawa, wata uku zai yi baƙi, ke za ki durƙusa da buroshi. Ki mayar, ki karɓo manya. Shi maigidan me ya ce?

Mai tambaya: Bai san an gina ba tukuna, so nake ya dawo ya tarar an gama. Ruwa kuma muna da bohol, ba kullum zan cika ba. Tayil ɗin na riga na buɗe kwali huɗu, ba za su karɓa ba.

Mai aikin gini: Hajiya bohol ba ya hana yoyo. In kin dage, a kankare filastar a sake, a ba ƙasan gangara zuwa magudana, santimita 2 a kowace mita, a bar ƙofa ta gefe da za a kai hannu ga fayif in ya toshe. Kuma wanda ya zana dekin ɗin ya zo ya gani da idonsa.

Mai tambaya: Wanda ya zana ya bar garin tuntuni. Birkila ya ce gobe zai kawo wani mai tayil da zai yi a haka. Akwai wadda nata yake a bene ta turo min hoto?