Wa ya taɓa kai yara Odense a jirgin ƙasa? Ku zo mu ji yadda kuka yi

Maman 'yan uku, Hambug

Assalamu alaikum mutanen gida. Dan Allah shawara nake nema, maigida ya samu hutun sati biyu a Yuli kuma kuɗin tikitin zuwa gida mu biyar bana bai haɗu ba, shine muka ce maimakon a zauna yara suna ta cin waya gara mu hau jirgin ƙasa mu leƙa Danmak da Suwidin. Babbar 'yata ce ta ɗauko zancen Odense, wai garin marubucin tatsuniyoyin nan Hans Christian Andersen, tunda aka karanta musu labarin mummunan ɗan agwagwan nan a makaranta ta hana mu sakat. Wanda ya taɓa yi da yara ya faɗa min gaskiya, ya cancanci wahalar? Autana shekararsa huɗu kuma ba ya zama waje ɗaya.

Baban Yara, Kopanhagen

Wa alaikumus salam Hajiya. Ai ke kin huta, jirgin da ke tasowa daga Hambug zuwa nan ta Odense yake bi tun ƙarshen 2019 da aka daina saka shi cikin jirgin ruwa, awa uku da wani abu kin sauka. Abu na farko kar ki kira sunan garin yadda aka rubuta shi, su kaman "Oonse" suke cewa, ni sai da na maimaita sau uku mai sayar da tikiti na kallona kaman na zo da sabon yare.

A cikin Danmak babba ɗaya yana shiga da yara biyu 'yan ƙasa da shekara 12 kyauta, amma kujera daban ake kama ta, kuma a Yuli ki kama, in ba haka ba a tsaye za ku yi tafiyar. Sannan ki duba kar ki faɗa taragon da aka hana surutu, akwai alama a jiki, da wannan autan naki kallon da za a miki kaɗai ya isheki. Akwai ɓangaren masu iyali, can za ki nema.

Daga Odense zuwa nan awa ɗaya da kwata ne zuwa da rabi. Bayan Nyborg jirgin zai hau gada kan teku, ya bi ta wani ɗan tsibiri sannan ya nutse ramin da ke ƙarƙashin ruwa wajen kilomita 8, tun 1997 ake bin nan. Ɗana da na ce masa yanzu teku na saman kanmu sai ya toshe hanci ya kumbura kumatu, har muka fito Korsør bai yarda ya yi magana ba. Tashar gaba Slagelse ce, nan aka kawo Andersen makaranta yana ɗan shekara 17, zanƙalele da shi a aji ɗaya da ƙananan yara, shugaban makarantar kuma yana masa ba'a gaban kowa. Ki nuna wa 'yarki ta taga ki ce mata ga inda ɗan agwagwan ya sha tsangwama.

Hajiya ta Malmo

Ƙanwata ki je. Mu mun yi bara da surukata da ta zo mana ganin gida daga Katsina, kuma ni dai abinda ya tsaya min a rai daban yake da abinda na biya kuɗi na gani.

Babban gidan tarihin Andersen sabo ne, 2021 aka buɗe shi, wani Bajapane Kengo Kuma ya zana, yawancinsa a ƙarƙashin ƙasa yake, lambu a sama. Za a ba ku abin sawa a kunne kina tafiya kayan ciki suna miki magana. Manyan yarana sun ji daɗi, ƙaramar minti goma ta cire nata ta ce yana matse mata kitso. Akwai wajen wasan yara da suke sa kayan sarakai su yi ta shirme, can autanki zai fi zama lafiya. Akwai takardun da yake yankawa da almakashi yana ba yara labari, in ya gama sai ya buɗe takardar a ga mutane da tsuntsaye, wannan kam har Inna ta tsaya ta kalla da kyau.

Amma ki tambayi ɗan gidan da ya tashi a ciki, a Munkemøllestræde, tafiyar ƙafa ce. Wallahi ƙofar sai da maigidana ya sunkuya. Ɗaki ɗaya ne da ɗan madafi, nan uban yake ɗinkin takalma nan suke kwana, kuma gidan ma ba su kaɗai ba ne a ciki. An haife shi 1805, uban ya rasu yana da shekara 11, uwar wankau take yi a kogin garin, tana tsaye cikin ruwan sanyin ƙasar nan da mu ko da rigar sanyi biyu kuka muke. Mun gangara har bakin kogin inda ake wankin. Ina fassara wa Inna, ta yi shiru can ta ce "to ita uwar ta ci arzikin nasa kuwa?" Na ce a'a Inna, a gidan gajiyayyu ta rasu 1833, shi kuma tatsuniyoyinsa na farko sai 1835 suka fito. Ta ce Allah sarki, ta wanke wa gari kaya ɗanta kuma ya wanke wa gari suna. Yanzu ko'ina a garin shi ne, har sawun ƙafarsa aka zana a ƙasa kina bi yana kai ki wuraren.

A hanyar dawowa yara sun gaji suna ta faɗa kan waya, kawai Inna ta ce "ga ta nan ga ta nanku". Yaran nan da aka haifa a Suwidin ba su ma san amsar ba sai da na raɗa musu "ta zo mu ji ta". Ta kama Gizo da Ƙoƙi tana maƙe murya tana yin tsamin bakin Gizo, tun daga Ringsted har muka shiga Kopanhagen ba wanda ya motsa, wata tsohuwa Baturiya a kujerar gefe ba ta jin ko kalma ɗaya amma duk sanda Inna ta yi muryar Gizo sai ta tuntsire da dariya. Na ji kunya ƙanwata, shekara tara ina da yara ban taɓa musu tatsuniya ba, na kwashe su na biya kuɗi su je su ji ta wani.

Ɗan Damagaram

Hajiya kin sa na tuna tawa kakar, Allah ya jiƙanta. Ni nawa gargaɗi ne. Wasu jiragen can rabuwa suke a hanya, gaba ya yi wani gari baya ya yi wani. Mu muna zaune madam ta ce bari ta kai yarinya bayi, na kusa da mu da mutum sai suka wuce gaba can, aka tsaya wata tasha aka yi sanarwa da yarensu ban gane ba, ashe raba jirgin ake. Allah ya taimaka wani saurayi ya ga jakarta a kujera ya ce min ina mai wannan, na ruga na jawo su saura ƙiris. Laifina ne, lambar tarago tana jikin tikiti ban duba ba.

In za ku haye Malmo ta gadar Øresund ku riƙe fasfo da katin zama na kowa har jariri, ana iya dubawa a tashar farko ta ɓangaren Suwidin. Kuɗinsu ma ba yuro ba ne kuma na Danmak daban na Suwidin daban duk da sunan kusan ɗaya, kar ki wahalar da kanki da canji, kati suke karɓa, a Suwidin ma wasu shagunan ba sa taɓa tsabar kuɗi. Abinci ki yi guzuri, alade ya yi yawa a abin da ake sayarwa a tasha, in kin ga svin ko gris a jiki ki ajiye. A Kopanhagen ku je Nørrebro shawarma halal har sai kun ture, kuma maƙabartar da aka binne Andersen a 1875 tana unguwar, mutane har shimfiɗa suke yi a ciki suna shan rana, ni dai na kasa sabawa da wannan. Magariba a Yuli sai wajen tara da rabi zuwa goma, yara ba za su yarda dare ya yi ba, mu ƙasaru muka riƙa yi muna haɗa sallolin.

Ita kuma 'yar ruwan nan ta labarin Andersen, mutum-mutumin bakin tekun Kopanhagen da ake ta ɗauka a hoto, ki rage buri. Tun 1913 take zaune kan dutsen, tsayinta bai wuce na yaro ɗan firamare ba. Mun yi tafiyar rabin awa a ƙafa ɗana ya kalle ta ya ce "Baba shikenan?"

Anti Stokhom

Hhhh shikenan ɗin kenan, kuma sau biyu ana sare mata kai a maida. Maman 'yan uku in har kun shigo Suwidin to mu ma muna da tamu marubuciyar labaran yara, Astrid Lindgren, hotonta ne a takardar kurona 20. Daga Kopanhagen zuwa nan awa biyar da ɗan wani abu. Akwai Junibacken, gidan labaran yara a tsibirin Djurgården, ciki akwai wani ɗan jirgi da ake zama yana ratsa labaranta a hankali yana ɗaga ku sama kan rufin gidaje, amma akwai wajen da yake yin duhu da dodo, ki riƙe autan a cinya. Garinsu Vimmerby ne inda aka haife ta 1907, sai kin canza jirgi a Linköping, in kwanakinku kaɗan ne ki bar shi. Ita ma fa a bakin gado ta faro, 'yarta ce ba lafiya ta ce a ba ta labari.

Abu ɗaya da ba wanda ya faɗa miki, hannu. Suwidin ce ƙasar farko da ta hana dukan yara a 1979 kuma matar nan tana cikin waɗanda suka yi magana a kai da ƙarfi, Danmak ta bi a 1997. Nasan a Jamus ma haka ne amma nan ko finciko yaro kika yi a tasha sai an juyo. Ni ido nake amfani da shi irin na iyayenmu, yana aiki har yanzu.

Malamin lissafi, Aarhus

Ni zan ɗan saɓa muku. Hajiya ki karanta labaran Andersen da kanki kafin ki karanta wa ɗan shekara huɗu. Mutumin ya rubuta sama da 150 kuma da yawa ba sa ƙarewa da daɗi, yarinya mai tallan ashana sanyi ne ya kashe ta a bakin titi daren sabuwar shekara, 'yar ruwan ma ba ta auri ɗan sarkin ba, ba kaman yadda katun ya nuna ba. 'Yata kwana biyu tana tambayata me ya sa ba wanda ya sayi ashanar, kuma ta ƙi yarda da duk amsar da na ba ta. Wanda ya fi shiga gidanmu shine na sarkin da mayaudara suka ɗinka wa rigar da babu ita, fadawa na ta "ranka ya daɗe ta yi kyau" sai da yaro ya tona. Wannan kam ko ba a fassara wa Bahaushe ba ya san fadawan.

Hajiya ta Malmo

Malam ai namu ma ba su da sauƙi, ka manta Dodo yana haɗiye yarinya sukutum? Kuma mun ji mun yi barci.

Baban Yara, Kopanhagen

Gaskiyar Hajiya. Maman 'yan uku ki nemi igiyar Andersen a gidan tarihin, mutumin matsoraci ne na ƙarshe, duk tafiyar da zai yi da igiya a akwatinsa saboda in gobara ta tashi a masauki ya zuro ta taga. Amma duk da tsoron bai zauna ba, tun 1840 ya fara hawa jirgin ƙasa a can Jamus ɗinku.

Maman 'yan uku, Hambug

Kai na gode ƙwarai Allah ya bar zumunci. Mun yanke kwana biyu Odense, uku Kopanhagen, Stokhom sai mun ga abinda aljihu ya ce. Hajiya ta Malmo dan Allah in Inna tana kusa ki sa ta yi min ta Gizo ɗin nan a murya ki turo min, na zauna jiya zan gwada wa yara na tarar farkon kawai na riƙe, daga inda ya je gidan sarki ban san me ya faru ba, babbar har tana gyara min wai ba haka ake ba da labari ba.