Windows XP ta ƙi ganin sabon faifai a tsohuwar kwamfutata

Assalamu alaikum ƴan uwa. Ina neman taimakon waɗanda suka san tsofaffin kwamfutoci, musamman na nan Yamai.

Kwamfutar babban yayana ce nake farfaɗowa, mai Pentium 4, wadda a kanta na fara koyon buga rubutu. Na kakkaɓe ƙurar hunturu da ta toshe fanka, na sauya batirin CR2032 don agogonta ya daina komawa baya, na ƙara mata RAM irin DDR har ta kai giga 2. Tana tashi lafiya lau.

Matsalar ita ce faifan ajiya. Tsohon, mai tsohon irin mahaɗi wato IDE, ya fara ƙara, sai na samo mai sabon irin mahaɗi wato SATA a kasuwar Katako. BIOS, wato manhajar da ke tayar da kwamfuta kafin Windows, na ganinsa sarai, amma da na fara ɗora XP sai ta ce babu faifai. Na san dalili: XP ta fito a 2001, kafin SATA ya yaɗu, shi ya sa take son a danna F6 a ba ta direba, wato manhajar da za ta sa ta gane faifan, daga fulofi (floppy). To, yau ina mutum zai samu fulofi mai aiki? Na leƙa ko'ina cikin BIOS, ban ga inda ake mai da SATA ya yi aiki kamar IDE ba.

An ce da manhajar nLite ana cusa direban cikin CD ɗin XP. Wanda ya taɓa yi, ta yaya ake gane direban da ya dace da babban allon cikin kwamfutar (motherboard)? Don Allah kada a ce in sa Linux, XP ɗin nake marmari. Na gode.