"Bush plane" da Hausa: jirgin daji, ko mai tashin fakara?

1/ Jama'a, ina neman taimakonku kan wata kalma da ta tsaya mini a rai. Akwai wasu ƙananan jiragen sama masu inji ɗaya da farfela a hanci, waɗanda ake kira "bush plane" da Turanci. Su ne ke kai mutane da kaya inda babu titin mota kuma babu filin jirgi, kamar jihar Alaska ta Amurka da arewacin Kanada. Shekara da shekaru ina bibiyar su, ina ƙaunarsu ƙwarai, amma duk lokacin da na zo ba wani labarinsu da Hausa sai in ji bakina yana cewa "irin ƙaramin jirgin nan". Na gaji da hakan. Ina so mu raɗa musu suna.

2/ Kafin suna, bari a ga jaririn. Wanda ya fi shahara a cikinsu shi ne Piper Super Cub, wanda aka fara ƙerawa a Amurka a 1949. Mutum biyu yake ɗauka, matuƙi a gaba, fasinja a bayansa kamar goyo a kan babur. Ƙashin jikinsa bututun ƙarfe ne da aka yi wa walda, aka lulluɓe da yadi, aka shafe da wani ruwa mai sa yadin ya ɗame, sannan aka yi fenti. In ka ƙwanƙwasa gefensa da yatsa, amsawa yake kamar ganga. Injinsa da aka fi sani Lycoming ne mai ƙarfin doki 150, kuma da matuƙi da fasinja da mai da kaya duka, nauyinsa bai wuce kilo 800 ba. In ba a cika masa kaya ba, kafin ya cinye tsawon filin ƙwallo ya riga ya bar ƙasa.

3/ Sai yayansa a ƙarfi, de Havilland Beaver na Kanada, wanda ya fara tashi a watan Agusta na 1947. Wannan jirgi ina jin daɗin labarinsa, don kafin a zana shi sai da kamfanin ya tambayi matuƙan da ke aiki a arewa abin da suke buƙata. Suka ce a ba su ƙarfi, gudu bai dame su ba. Aka sa masa inji mai silinda 9 a zagaye, ƙarfin doki 450. Aka faɗaɗa ƙofarsa yadda za a shigar da durom ɗin mai. Aka sa tankunansa a ciki ta ƙasa, don kada mutum ya riƙa hawa fiffike cikin sanyin da ke daskarar da yatsu. Har bakin zuba baƙin mai a ɗakin matuƙi yake. An daina ƙera shi a 1967 bayan an yi guda 1,657, amma ɗaruruwa na nan suna aiki har yau. A tsakanin waɗannan biyu akwai Cessna 180 na 1953 da Cessna 185 na 1961, masu jikin gorar ruwa. Da 180 ɗin ne Jerrie Mock ta zagaye duniya ita kaɗai a 1964, mace ta farko da ta yi haka.

4/ Amsar farko da ta shigo, kuma mutum kusan goma suka maimaita ta, ita ce "jirgin daji". Na gode, kuma na san me ya sa: fassarar kalma da kalma ce, tana da sauƙin faɗa, ta kuma bi sahun jirgin ruwa da jirgin ƙasa. Amma ina da ja a kanta.

Jirgin ruwa a ruwa yake tafiya, jirgin ƙasa a ƙasa. Wanda ya ji "jirgin daji" ba tare da ya ga hoto ba, zai iya ɗauka wata mota ce mai keta kurmi. Sannan abin da mutanen Alaska ke nufi da "bush" ba lalle itatuwa da namun dawa ba ne. Nufinsu duk wurin da titi bai kai ba, ko da gari ne mai makaranta da ɗakin shan magani. Mafi yawan garuruwan jihar haka suke. Wani wurin fili ne fetal ba bishiya ko ɗaya, wani gaɓar teku, wani kan daskararriyar ƙanƙara a gindin dutsen Denali. Ka ce wa mai zama a irin wannan gari jirgin daji ne ke kawo masa wasiƙa da magani, ka mayar da shi ɗan daji ke nan. Kuma kunnenmu ya riga ya saba jin daji tare da abubuwan da ba a so, ciwon daji, wutar daji, ɓarayin daji. Ban so wannan jirgi ya shiga wannan layi ba.

5/ "Jirgin karkara" da "jirgin ƙauye" sun fi taushi, amma karkara tana da gonaki da hanya. "Jirgin lungu" ya burge ni na ɗan lokaci, sai na tuna lungu a cikin gari ya fi yawa.

6/ Wata 'yar'uwa ta kawo "sauka-ko'ina". Hajiya, wannan Hausa ce tsantsa, kuma a kan harshe ta fi duk sauran daɗi. Abin da ya hana ni karɓa shi ne ba gaskiya take faɗa ba, kuma rashin gaskiyar mai kashe mutum ne. Ku dubi yadda gwani ke sauka a kan tsibirin tsakuwa a tsakiyar kogi. Ba ya zuwa kai tsaye. Zai fara wucewa ta sama yana leƙe ta taga, yana duban ruwan don ya gane ta ina iska ke busowa. Ya sake zagayowa ƙasa-ƙasa yana ƙirga daƙiƙoƙi daga wannan baki zuwa wancan, don ya san tsawon wurin. Karo na uku ya ɗora manyan tayoyin a kan tsakuwar ba tare da ya rage wuta ba, ya ja su 'yan mitoci, ya ɗaga, ya dawo ya dubi sawun da ya bari. In sawun ya yi duhu, ruwa na ƙasa, wurin zai riƙe taya. Sai ya juya ya tafi abinsa, ko da fasinja na gunaguni. Jirgin da matuƙinsa ke wannan taka-tsantsan ba a ce masa sauka-ko'ina.

7/ To ga abin da nake gani. Hausa ta taɓa fuskantar irin wannan matsala, kuma ta warware ta da kyau. Da helikwafta ya zo, ba a tsaya fassara sunansa ba. An dubi yadda yake dira, aka tuna tsuntsun da ke yin haka, aka ce jirgi mai saukar ungulu. Yaro ma ya ji ya gane. Me zai hana mu bi wannan hanya?

Wane tsuntsu ne ke zaune nesa da gari, ba ya son dogon tashi, ya fi sabawa da ƙasa, in aka taso shi ya ɗan sheƙa taku kaɗan ya yi firr da ƙarar fukafukai, ya bi saman ciyawa ƙasa-ƙasa, ya faɗa wani ɗan sarari tsakanin kalgo da sabara inda ba ka zaci akwai wurin sauka ba? Fakara ce, wadda wasu ke ce wa makwarwa. Shawarata ke nan: jirgi mai tashin fakara. A gajarce, fakara.

8/ Abin da ya ƙara kwantar mini da hankali da sunan shi ne yadda ya dace da rayuwar masu mallakar waɗannan jirage. Wanda ya sayi Super Cub na shekarun 1950 ba don sauri ya saya ba, mota mai lafiya a titi mai kyau ba za ta bar shi ya yi mata nisa sosai ba. Duk kuɗin da zai kashe a kansa, tambaya ɗaya ce a gabansa: wannan abu zai gajarta tashi da sauka, ko zai tsawaita su?

Shi ya sa abu na farko da yawanci ke sauyawa shi ne taya. Ana cire ƙananan, a sa manya masu tumbi, inci 29 ko 31 har 35, da iska kaɗan a ciki, yadda in ka danna da gwiwa za su lotsa. Su ne ke haɗiye duwatsu da ramuka. Sai a liƙa wasu ƙananan haƙora a jere a saman fiffike, kowanne bai kai tsawon ɗan yatsa ba. Aikinsu su murɗa iskar da ke bi ta kai don ta manne wa fiffiken ko da jirgin na tafiya a hankali, ta haka gudun da yake iya rayuwa a kansa ba tare da ya sulluɓo ba ya ƙara raguwa. Wasu su sa farfela mai tsawo wadda ke cizon iska da ƙarfi a farkon gudu, ko da za ta rage saurin tafiya a sama. Wasu su ɗaga injin daga doki 150 zuwa 160 ko 180. Kuma a Amurka ba a ɗora ko ɗaya daga cikin waɗannan da ka, sai da takardar amincewar FAA, hukumar kula da harkar jiragen sama ta ƙasar, bakanike mai lasisi ya sa hannu a littafin jirgin.

Babban abokin gabar mai fakara shi ne nauyi. Akwai masu cika gaban jirgi da allunan kwamfuta da kujerun fata da kafet, su mayar da shi falo, sannan su yi mamakin ya daina tashi inda yake tashi da. Ni a wurina wannan ɓata jirgi ne. Ga masu cire batir mai nauyi su sa ƙarami, su kwashe duk abin da ba ya aiki, suna auna kowane kilo. A garin Valdez na Alaska ana gasar gajeren tashi da gajeren sauka a watan Mayu, inda jiragen da aka rage wa nauyi ke tsayawa cik cikin ƙasa da mita 10. Ka kalli wannan ka ce ba fakara ba ce.

9/ Wani malami ya yi mini gyara mai nauyi. Ya ce da yawa daga cikin waɗannan jirage a ruwa suke sauka, an cire musu taya an ɗaura musu wasu dogayen kwale-kwale biyu, ga tafkin Hood a birnin Anchorage na Alaska cike da su, kuma fakara ba ta san ruwa ba. Allah ya gafarta Malam, gaskiya ne, kuma na kwana ina juya maganar. Amsata ita ce suna ba ya ɗaukar dukan halin mai shi. Ungulu ba ta tsayawa cak a sama wuri ɗaya kamar yadda helikwafta ke yi, amma sunan ya zauna, don ya kama abu ɗaya da ido ke gani. Beaver ɗin da ke kan ruwa a damina, shi ne dai ake ɗaura wa allunan sulɓi in tafkin ya daskare, shi ne kuma ake mayar wa taya. Jirgin ɗaya ne, takalmi yake sauyawa. Sai mu ce fakara mai taya, fakara mai kwale-kwale, fakara mai takalmin ƙanƙara. In Malam bai gamsu ba ina saurare.

10/ Tunda an taru, ga 'yan kalmomin da ke rakiyar wannan. Yawancin jiragen nan manyan tayoyinsu biyu a gaba suke, ƙarama ɗaya a ƙarƙashin wutsiya, hanci a ɗage. Haka ke nisanta farfela daga tsakuwa, kuma babu tayar hanci da za ta karye a rami. Na ga "ja-wutsiya" ya dace da su. Sai dai ja-wutsiya yana da hali: nauyinsa yana bayan manyan tayoyin, don haka in matuƙi ya yi sakaci da ƙafafunsa bayan sauka, wutsiya za ta nemi wuce hanci, jirgin ya yi juyin katantanwa, fiffike ya daki ƙasa. Shi ya sa a Amurka sai malamin tuƙi ya sa wa mutum hannu na musamman kafin ya tuƙa irinsa.

Buɗe inji a sabunta shi, wanda ake yi wa irin na Super Cub bayan kimanin awa 2,000 na aiki, muna da kalmarsa tuntuni: garambawul. Fenti da kujeru kuwa kwaskwarima ne, kuma mai saye ya kiyayi wanda aka yi wa kwaskwarima aka bar tsatsa tana cin bututun da ke can wajen wutsiya, inda ruwa ke taruwa a ƙarƙashin yadi. Su kuma tsofaffin da Turawa ke ce wa "classic", ban yarda a ce musu tsofaffi kawai ba, don tsoho yana iya zama yasasshe. Jirgin da ya shekara 70 yana kai wa mutane abinci da magani, kuma har gobe ana rububin sayensa, cikin mazan jiya yake.

11/ Na gwada sunan a cikin magana don in ji ko zai yi tuntuɓe. "Babu hanya zuwa garin, sai dai a shiga fakara." "Ya sayi fakara ta hannu, ja-wutsiya, ƙirar 1956, yanzu tana wurin garambawul." "Jirage masu tashin fakara ne suka kwaso marasa lafiyar." Duka ukun sun wuce mini lami lafiya. Jam'in ma bai ba da wahala ba, fakaru.

Daga yau shi zan riƙa rubutawa, tare da ɗan bayani a karon farko har kunne ya saba. Abin da ya rage mini shi ne waɗannan ƙananan haƙoran na saman fiffike. Na rubuta "haƙoran iska", wani ya ce "murɗa-iska" ya fi nuna aikinsu, kuma ina jin ya fi ni gaskiya. Masu kanikanci a cikinku, wanne bakinku zai fi ɗauka a wurin aiki?