Ina aiki a ofishin magatakarda, EdD zan yi a waje ko PhD a gida?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin don Allah a sakaya sunana. Shekarata 44, kuma shekara 15 ke nan ina aiki a ofishin magatakardar wata jami'ar gwamnatin tarayya a nan Arewa. Mataki ɗaya ya rage min in kai mataimakiyar magatakarda. Ina da digiri na biyu a fannin gudanar da mulki. Ni ke ɗaukar bayanan zaman majalisar malaman jami'a, in zauna a gefen tebur da biro da littafi tun ƙarfe goma har la'asar, a yi ta musu a kan abin da amsarsa ke cikin fayil ɗin da ke kan cinyata, amma ba ni da bakin magana.

Burina in zama magatakarda kafin ritaya. Kwanan baya wata makaranta ta ƙasar waje ta turo min saƙo, wai suna da digirin digirgir na shugabancin manyan makarantu, EdD, duka ta intanet, shekara uku, ba sai na ajiye aiki ba. Kuɗin ya kusa kai darajar filin da na gada a wajen mahaifinmu. Maigidana ya ce in dai zai amfane ni in sayar, ba zai hana ba. Wata abokiyar aikina kuwa ta ce asara ce, in yi PhD a nan gida kowa ya huta. Na rasa na kama. Waɗanda suka san harkar ku taimaka min.

Wani tsohon magatakarda: Wa alaikumus salam 'yata. Na zauna a kujerar da kike nema, kuma na zauna a kwamitin tantance masu nemanta. Ki je ki tattaro tallan neman magatakarda da jami'o'i suka buga a jaridu cikin 'yan shekarun nan, ki baje su a kan tabarma ki karanta. Abin da za ki yi ta gani shi ne digiri na farko mai kyau, doguwar gogewa a aikin jami'a, wasu shekaru a matsayin mataimakin magatakarda, da zama ɗan ƙungiya irin su ANUPA, ta ma'aikatan gudanarwa na jami'o'in Najeriya. Digirin digirgir yawanci a matsayin ƙarin tagomashi yake zuwa. Wato a yanzu, ƙarin girman nan da ya rage miki ya fi kowace takarda gaggawa, domin shekarun mataimakiya ba sa fara ƙirguwa sai ranar da aka ba ki. Kujerar kanta wa'adi ɗaya ce na shekara biyar, ma'aikacin da ba malami ba kuma yana ritaya a shekara 65. Lokaci kina da shi, saura ki san yadda za ki jera abubuwan.

In kuma a can ƙasan ranki shugabancin jami'a gaba ɗaya kike hange, gara in faɗa miki tun yanzu: a jami'o'inmu farfesa ake nema. EdD ba ya mayar da ma'aikacin ofis farfesa.

Wata mai karatu a Amurka: Yaya, bari in warware miki bambancin, don a gida ana cakuɗa su. EdD ba sabon abu ba ne, Jami'ar Harvard ta fara ba da shi tun 1921. An tsara shi ne don mai riƙe da aiki, irin ki. PhD kuwa horon mai bincike ne, wanda zai koyar ya yi ta rubuce-rubuce. A nan mai PhD a fannin ilimin manyan makarantu kan yi shekara huɗu zuwa shida yana zaune a makaranta, sau da yawa jami'a ce ke ɗauke masa kuɗin karatu ta ba shi ɗan alawus yana taya malamai aiki. Mai EdD yawanci shi ke biya, ko wurin aikinsa ya biya masa, ya gama cikin kamar shekara uku.

Tun 2007 wasu jami'o'i suka haɗu ƙarƙashin wani shiri da ake kira CPED suka sake fasalin EdD, ya zama kundin bincikenki a kan wata matsala ce ta wurin aikinki, ki gwada gyara, ki auna ko ya yi. Darussan kuma su ne kasafin kuɗin jami'a, doka, hulɗa da majalisar gudanarwa, yadda ake karanta alƙaluman ɗalibai. Jami'ar Pennsylvania tana da na manyan jami'ai wanda ake gamawa cikin shekara biyu, a haɗu 'yan kwanaki kowane wata kowa ya koma bakin aikinsa. Yana da kyau ƙwarai, amma ga wanda ke zaune a Kano ko Sakkwato ai jirgi kowane wata ke nan. Ga kuma biza: a Yulin 2025 Amurka ta mayar da yawancin bizar 'yan Najeriya ta shiga sau ɗaya, wata uku. Sannan ki sani dokar da za a koya miki ta Amurka ce. Ba wanda zai koya miki yadda ake zama da SSANU, ƙungiyar manyan ma'aikatan jami'a da ba malamai ba, da ASUU a ɗaki ɗaya.

Wani ɗan uwa daga Abuja: Hajiya, makarantar da ta fara nemo ki da kanta ita ce abar tsoro. Kafin ki tura ko kwabo, ki rubuta wa Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya, sashen da ke tantance takardun ƙasashen waje, ki tambaya ko sun san makarantar da kuma wannan tsarin na intanet. Kin manta Janairun 2024 da aka dakatar da tantance digirin Benin da Togo? Mutane nawa suka wayi gari takardarsu ta zama ta naɗe ƙosai.

Wani da ya yi PhD a gida: Masu cewa a yi a gida kowa ya huta, wace hutawa? Ni na yi a fannin tsarawa da gudanar da ilimi, an ce shekara uku, na share bakwai. Yajin aikin 2020 ya ci wata tara, na 2022 ya ci takwas. Babi na uku ya kwana wata biyar a bayan motar mai duba aikina, da ya dawo min da shi har da shatin kofin shayi a bangon. Kuma rabin abin da muka karanta a kan firamare da sakandare ne, shugaban makaranta da sufeto, ni na ja akalar bincikena zuwa jami'a da ƙarfin tsiya. Duk da haka ban ci bashi ba, albashina bai tsaya ba, kuma ba wanda ya taɓa tambayata ko takardar ta gaske ce. ABU na da fannin, Jami'ar Ibadan ma tana da sashen gudanar da ilimi. Shawarata ɗaya, 'yar uwa: ki fara neman malamin da zai duba ki kafin ki sayi fom. Ki tambayi ɗalibansa na baya shekara nawa suka yi a hannunsa.

Wata uwa a cikin zauren: Ni ban yi boko mai zurfi ba, amma kada ki sayar da filin gado a kan karatun da ake biya da dala. Kafin Yunin 2023 dala ba ta kai naira 500 a farashin gwamnati ba, a 2024 ta haura 1,500. In kin biya shekarar farko ta sake tashi, wane filin za ki sayar?

Wani malamin jami'a: Ban yarda a rufe ƙofar waje gaba ɗaya ba. Jami'ar Bath a Ingila tana da wani digirin digirgir da ake kira DBA, na gudanar da manyan makarantu, an yi shi ne musamman don irin su magatakarda da ma'aji, ana zuwa zama na mako guda lokaci-lokaci, sauran aikin daga gida. Ajin kan tara ma'aikatan jami'o'i daga ƙasashe daban-daban, kuma tsarin ofishin magatakarda namu ai daga Ingila muka gaje shi. Inda gizo ke saƙa shi ne kuɗi. Kada ki sa rai da TETFund, asusun gwamnati na tallafa wa manyan makarantu, tallafin karatunsu na masu koyarwa ne, kuma ko su an dakatar musu da na ƙasar waje daga Janairun 2025. Sai dai ki gwada kwamitin horar da ma'aikata na jami'arku.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Na koma na duba saƙon nan, ko adireshin harabar makarantar babu, sai lambar WhatsApp. Fili ya tsira. Baba tsohon magatakarda, ranka ya daɗe, in na tsaya a gida, a kan me kake ganin zan yi bincike? Kuma in nemi hutun karatu ne ko in haɗa da aiki?

Tsohon magatakarda: Ki haɗa da aiki, 'yata, amma da izini a rubuce, a saka kwafi a fayil ɗinki. Na ga wanda ya kammala digiri a ɓoye aka ƙi lissafa masa shi ranar ƙarin girma. Hutun karatu kuma zai ɗauke ki daga idon mutane daidai lokacin da ake duba wa za a ɗaga, ga sharaɗin dawowa ki yi musu wasu shekaru.

Batun bincike, yana kan teburinki. Tsohon ɗalibi ya nemi takardar sakamakon jarrabawarsa, wata nawa take yi kafin ta fita, kuma a ofishin wa take kwana? Ki ɗauki jami'o'i uku, ki bi fayil ɗari daga ranar da aka biya kuɗi zuwa ranar da aka buga hatimi. Ki fara neman izinin duba fayilolin tun yanzu, don shi kaɗai zai iya cin wata shida.